Kana son sanyin Ngaundere, amma kada ka saye shi da takardar bogi

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wani bawan Allah ɗan Najeriya, mutumin ƙasar Katsina, wanda ya daɗe yana sayar da kayan gyaran babur a Njamena. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Malam, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, uku daga cikinsu a nan Cadi aka haife su. Zafin bazara yana wahalar da yaran ƙwarai, ambaliyar 2022 kuma ta shiga gidan da muke haya a Waliya. Na yi niyyar in kwashe iyalina mu koma Ngaundere, inda aka ce akwai sanyi da itatuwa da makarantu. Wani dillali ya ce kada in wahalar da kaina da katin zama, zai yi mana takardun haihuwa na Kamaru ni da yaran, daga nan in karɓi katin ɗan ƙasa. Yayana kuma ya ce in tura matar da yaran gida, ni in zauna a shago in ci gaba da aiko da kuɗi. Na rasa abin yi, barci ma ya gagare ni."

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya kafin kuɗinka su shiga hannun kowa. Garin da ka zaɓa ba ni da ja a kansa. Ngaundere, wadda take ƙasar Kamaru, tana kan tsaunin Adamawa ne, tsayinta daga teku ya kai kimanin mita 1,100, shi ya sa a watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena yake haura maki 40, can ruwan sama ya riga ya fara sauka. Damina tana kaiwa daga Afrilu har Oktoba, ruwan da ake samu a shekara kusan milimita 1,500 ne, wanda ya ninka na Njamena fiye da sau biyu. Garin Musulmi ne mai fadar Lamiɗo, akwai tsohuwar unguwar Hausawa, akwai asibitoci, akwai jami'a a Dang, kusa da garin. Ta fuskar sana'arka ma ba ka yi nisa da hanya ba, domin nan ne jirgin ƙasa mai tasowa daga Yawunde yake tsayawa tun 1974, kuma kaya masu yawa da ake sayarwa a Cadi daga Duwala suke biyowa ta nan kafin a loda su a manyan motoci.

Sai dai sanyin yana da nasa haraji. Doguwar damina doguwar kakar sauro ce, don haka gidan sauro da saurin kai yaro asibiti idan jikinsa ya yi zafi za su zama dole fiye da yadda ka saba. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, sanyin asuba yana sauka ƙasa da maki 15, kuma idan a cikin yaran akwai mai ciwon ƙirji ko asma, ka ji ta bakin likita tukuna. Ka kuma tsaya a cikin gari. Kada kwaɗayin gona da korama ya kai ka ƙauyukan da ke wajen Tuboro ko iyakar Afirka ta Tsakiya, inda masu garkuwa da mutane suka daɗe suna addabar makiyaya da 'yan kasuwa, kuma baƙo mai shago shi ne irin wanda suke nema.

Yanzu bari mu zo kan wannan dillalin, domin shi ne ya sa na ɗauki wasiƙarka kafin sauran. Abin da yake yi maka tayi laifi ne a dokar Kamaru, kuma ranar da asiri ya tonu kai za a kama, shi kuwa ya riga ya canza lambar waya. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Akwai wani tela da aka yi wa takardar haihuwa da sunan wani ƙauye da bai taɓa takawa ba. Da ya je neman katin ɗan ƙasa aka tambaye shi sunan hakimin ƙauyen da dangin mahaifinsa, ya kasa amsawa, aka duba littafin rajista aka tarar lambar takardar ta wani mutum ce daban. Ya kwana a hannun 'yan sanda, jarinsa ya ƙare wajen neman fita, a ƙarshe ya bar garin. Wani kuma ya samu katin, ya yi murna, sai da ya tashi tafiya aikin Hajji aka ga zanen yatsunsa yana ɗauke da sunaye biyu da ranakun haihuwa biyu. Katin ɗan ƙasa a Kamaru da hoton yatsu ake yin sa yanzu, kwamfuta kuma ba ta mantuwa. Ka sani cewa dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru, wadda aka kafa a 1968, ba ta yarda babban mutum ya riƙe ƙasa biyu ba, saboda haka fasfonka na Najeriya da wannan katin ba za su zauna lafiya a aljihu ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaran. Kai babba ne, ka san abin da ka shiga, su kuwa za ka ɗora musu ƙaryar da za su ɗauka har tsufansu. Takardun makarantarsu na Njamena suna ɗauke da wurin haihuwa ɗaya, sabuwar takardar tana ɗauke da wani. Ranar rubuta jarrabawar kammala firamare, ko ranar neman fasfo, ko ranar rabon gado a Katsina, wannan saɓanin zai fito, kuma gyara shi sai an je kotu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma a nan wanda zai faɗa cikinsa yaron da bai haƙa ba ne.

Hanyar gaskiya tana da tsada da jira, amma a fili take. Ka riga ka san cewa Cadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, suna cikin CEMAC ne, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, kuma 'yancin zirga-zirgar CEMAC na 'yan ƙasashenta ne, ba na baƙon da ke zaune a cikinsu ba. Katin zamanka na Cadi ba ya aiki da zarar ka haye gadar Ngeli ka shiga Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken Njamena, duk da cewa sefar da ke aljihunka ɗaya ce. Ɗan Najeriya yana shiga Kamaru ba tare da biza ba na kwana 90, kuma dokar 1997 ta wajabta wa baƙon da ya haura shekara 18 ya nemi katin zama a cikin wata uku idan zai zauna. Katin na shekara biyu ne, hukumar 'yan sanda ce take bayarwa, kuma matarka tana buƙatar nata daban. Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne hatimin shiga: sun saba ƙetare gadar da safe su dawo da yamma ba tare da an buga musu komai ba, sai ranar neman kati a tambaye su shaidar cewa sun shigo bisa ƙa'ida. Ka sa a buga wa kowane fasfo hatimi, ka biya kuɗin kati da hannunka a ofis, ka karɓi rasit. Tun kana kusa da ofishin jakadancin Najeriya na Njamena ka daidaita rajistar yaran da duk abin da ya shafi fasfo, domin a Kamaru ofisoshin Najeriya suna Yawunde da Duwala da Buea, duk a kudu. Ka karɓi takardun haihuwar yaran ukun na asali daga inda aka yi musu rajista, da takardar aurenku, da takardar canjin makaranta da sakamakonsu na ƙarshe.

Maganar yayanka kuma, ina girmama shi, amma ban goyi bayansa ba. Shawararsa ta kare kuɗin da ake aikawa gida, ba ta kare yaranka ba. Mace mai 'ya'ya huɗu a ajiye ta a gidan gandu, mijinta yana wata ƙasa yana zuwa sallah zuwa sallah, mun san yadda abin yake ƙarewa: ƙananan maganganu tsakanin facaloli, yara su tashi ba idon uba, kuɗin da ka aiko don littafi ya shige tukunyar gida. Yaran da suka fara karatu da Faransanci kuma, ka mayar da su makarantar Turanci rana tsaka, sai sun yi asarar shekara ko fiye. Ciyar da iyalinka da tarbiyyarsu farilla ce a kanka, kuma su za a fara tambayar ka a gaban Allah. Idan iyayenku suna raye haƙƙinsu yana nan daram, kada ka taɓa shi. Sauran dangi kuwa taimakonsu alheri ne gwargwadon hali, kuma babu laifi ka gaya wa yayanka cikin ladabi cewa abin da kake aikowa zai ragu na shekara guda har ka zauna da gindinka. Ka faɗa masa da bakinka, ka ambaci adadin, kada ya ji a bakin wani. Matarka ma ka zauna da ita, domin ba ka ambaci ra'ayinta a wasiƙar ba, alhali ita ce za ta wuni a unguwar da Fulatanci ya fi yawo a kasuwa da bakin famfo, ba Larabcin Cadi da ta saba da shi ba.

Kada ka rufe shagon Njamena yanzu. Ka bar amintaccen yaro a ciki, ka je Ngaundere kai kaɗai tun damina tana tsakiya, domin a lokacin ne za ka ga unguwar da ruwa yake kwanciya da hanyar da taɓo yake tsayar da babur. Ka sauka wurin mutanenmu, ka gaida sarkin Hausawa, ka zaga kasuwa ka ga farashin kayanka da yawan masu sayar da irinsu. Haya za ka kama, kada ka sayi fili a shekarar farko ko da an rantse maka da araharsa. Makarantun Kamaru a watan Satumba suke buɗewa, kafin na Cadi, saboda haka ka nemi gurbin yaran tun watan Yuli ko Agusta, ka tambayi shugaban makarantar da kanka takardun da yake buƙata daga ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa. Ranar ɗauko iyali kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar Kuseri zuwa Mora take ciki, domin tana da lalacewa da matsalar tsaro. Idan ba ta yi ba, akwai ta Mundu zuwa Tuboro, kuma ko wacce ka bi, da rana za ku yi tafiyar.