Maganin Fitsarin Kwance Ne Ko Na Jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara takwas har yanzu yana fitsarin kwance. An rubuta masa Minirin, ƙwaya ɗaya kafin barci, aka ce kada ya sha ruwa da dare. Sai ƙanin mijina, wanda jininsa ba ya saurin daskarewa, ya ce irinsa aka yi masa allura lokacin da za a cire masa haƙori. Anya ba kuskure aka yi ba? Kuma hana yaro ruwa ba cutarwa ba ne? (Daga wata uwa)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, babu kuskure. Magani ɗaya ne, sunansa desmofiresin, aikinsa ne ya fi ɗaya.

Akwai wani sinadari, basofiresin, da ƙwaƙwalwa ke sakewa cikin jini. Shi ke umartar ƙoda ta mayar da ruwa jiki maimakon ta tura shi mafitsara. Da dare yakan ƙaru, shi ya sa yawancinmu muke kwana ba mu tashi ba. Wasu yaran nasu ba ya ƙaruwa yadda ya kamata, mafitsara ta cika tsakar dare, ga kuma nauyin barci. Desmofiresin kwaikwayon wannan sinadarin ne da masana suka haɗa a Cekoslobakiya a 1967, ya fi na asali daɗewa yana aiki.

Ƙanin mijinki ma ya yi gaskiya. A 1977 likitan Italiya Pier Mannucci ya nuna cewa maganin yana sa jijiyoyin jini su saki sinadaran daskarar da jini da suka ajiye. Yana amfanar masu himofiliya A marar tsanani da wasu masu cutar von Willebrand, cututtuka biyu da ke hana jini saurin daskarewa. Ana kuma ba wa waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta daina samar da basofiresin, masu fitsarin lita da yawa a rana da ƙishirwar da ba ta yankewa.

Maganar ruwa kuwa, nan ne nake so ki buɗe kunne. Da zarar ɗanki ya haɗiyi ƙwayar, ƙodarsa ta rage fitar da ruwa. In ya ɗirki kofi biyu a kai, ruwan ba shi da mafita, sai ya tsinka gishirin jininsa. Abin yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya, ya kai ga ruɗewa, har jijjiga. Saboda irin wannan hukumar magunguna ta Amurka ta janye amincewa da na feshin hanci ga masu fitsarin kwance a 2007, aka bar ƙwaya. Ƙa'idar ita ce awa ɗaya kafin shan maganin zuwa awa takwas bayansa kada ya sha ruwa, sai dai ɗan kurɓi. Da rana ki bar shi ya sha ya ƙoshi. Na sha ganin iyayen da ke takura yaro tun la'asar, ya kwanta da ƙishirwa, ya lallaɓa cikin dare ya sha a ɓoye, wanda shi ne ainihin haɗarin. Ki zaunar da shi ki faɗa masa dalili, ɗan shekara takwas yana ganewa.

Daren da yake amai, gudawa ko zazzaɓi, kada ki ba shi. Kada kuma ki ƙara masa ƙwaya da kanki don ya jiƙa shimfiɗa jiya.

Ban ce maganin warkarwa yake ba. Yakan tsayar da fitsarin muddin ana sha, yara da yawa kan koma in an daina. Shi ya sa bayan wata uku ake hutawa mako guda a ga ko jikin ya kama da kansa. Duka da gori dai ba su taɓa busar da katifa ba, don ba da gangan yake yi ba, kuma sau da yawa gado ne.

Ki duba ko yana fama da taurin bayan gida, don yana matse mafitsara. In kuma kin ga yana yawan fitsari da rana, ga ƙishirwa ga rama, a gwada masa suga kafin a ci gaba.