Amsa ga mai tambaya kan fitar da asusun ma'aikata daga domen na biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don abin da ya hana ni barci kwana uku ke nan. Ka ce ldifde da Get-ADUser, umarnin da ake fitar da asusun ma'aikata da su daga Active Directory (rumbun asusu na Windows), suna aiki lafiya lau a domen ɗinku, wato rukunin kwamfutoci da asusun da ke ƙarƙashin kulawa ɗaya, amma da ka nufi na reshe sai su ce "A referral was returned from the server". Wannan saƙon ba lalacewa ba ce, sabar da ka tambaya ce ke ce maka kayan ba a hannunta suke ba, ka je gidan masu shi. Ka sa -s a ldifde, ko -Server a PowerShell, ka rubuta cikakken sunan sabar wancan domen ɗin, ba lambar IP ba.

Ni da nawa ya tsaya nan da na gode Allah. Wanda ya kafa mana domen na biyu ɗan kwangila ne, ya karɓi kuɗinsa cif ya tafi bai bar ko rabin takarda ba. Daren Alhamis, oga na jiran jerin sunayen da safe, ni kaɗai a ɗakin saba, janareta na ta kuka, na sa -s daidai amma aka ƙi karɓar kalmar sirrina. Na sake ta sau biyu. Na kira mutumin ya fi sau goma, daga baya ya turo saƙo wai shi ya riga ya miƙa aiki. Miƙa wa wa? Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wajen ƙarfe uku na dare na leƙa agogon waccan sabar, ashe batirin cikinta ya mutu, duk ɗauke wuta sai lokaci ya koma baya. Kerberos kuwa, tsarin da ke tantance mai shiga, ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5. Wallahi zama na yi a ƙasa ina dariyar takaici.

Don haka ka duba agogo da w32tm /query /status a kwamfutarka da waccan sabar kafin ka zargi kanka. Sannan nltest /dsgetdc: da sunan wancan domen. In bai gano saba ba, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke gano saba ta sunanta, ka bar ldifde ya huta.

Masu kula da fayawol ma kada ka yarda da "ai a buɗe take". ldifde ta ƙofa 389 yake bi, PowerShell kuma 9389 yake so, shi ya sa ɗaya kan yi aiki ɗayan ya ƙi. Wasu za su ce ka bi ta 3268, ƙofar Global Catalog, wato kundin da ya haɗa dukkan domen, ka kwashi komai lokaci guda. Yana yi in domen ɗin biyu a daji ɗaya suke, wato forest, babban rukunin da ke haɗa domen-domen, amma Global Catalog ba dukkan bayanan asusu yake riƙewa ba, za ka tarar da gurabe babu komai ka ɗauka wani ya goge.

Af, ba ka tambaya ba amma zai same ka. In akwai sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, ka sa -u. Na manta da shi a csvde, ɗan'uwan ldifde mai fitar da fayil ɗin CSV, sunayen mutane suka fito tarin lambobi masu farawa da X, oga ya ɗauka cuta ce ta shiga kwamfutar. Kuma in shigar da asusun za ka yi a wani domen, ka sa -m wajen fitarwa, don objectSid da objectGUID, lambobin shaida da saba ke ba kowane asusu da kanta, ba sa shiguwa. Kalmomin sirri kuwa ba sa fitowa sam, ka shirya wa ƙorafin ma'aikata.

Ka ƙara -j da wurin ajiye rahoto, ka turo mana abin da ke cikin ldif.err, amma ka goge sunayen mutane tukuna. Ina nan har bayan isha'i.