Tambaya da Amsa: Manhajar shagonmu tana jan ƙafa, kuma ta nuna tsohon farashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne a Zariya, na haɗa wa yayana manhaja da React (kayan aikin gina shafukan intanet), wadda ake buɗewa a burauza domin lissafin kayan shagonsa na masarufi. Matsalar ita ce duk sanda yaron shago ya buɗe shafin kaya sai alamar jira ta yi ta juyawa, ya leƙa shafin ciniki ya dawo sai ta sake juyawa, in sabis ya yi ƙasa kuwa sai dai a koma biro da takarda. Na gwada zuba komai a localStorage, ma'ajiyar da ke cikin burauza, ya yi sauri amma sai aka sayar da katan ɗin taliya a tsohon farashi bayan yaya ya canja shi tun safe. Kuma na lura useEffect ɗina, wato kod ɗin da ke ɗauko bayanai in shafi ya buɗe, sau biyu yake kiran saba, kwamfutar da bayanan ke zaune a kanta. Don Allah ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa karatu albarka. Bari in fara da mai sauƙin. Kiran nan sau biyu ba laifinka ba ne, tun React 18 da ya fito a 2022 in ka kunna StrictMode, tsarin React na tono kurakurai, da gangan yake gudanar da useEffect sau biyu lokacin da kake aiki a kwamfutarka, don ya gwada ko ka rubuta abin da zai share bayan aikin. In ka haɗa manhajar ka ɗora ta ga jama'a ba ya yin haka. Kar ka cire StrictMode ɗin.

Toh babbar maganar. Jerin kayan nan da farashinsu ba a wayar yaron shago suke zaune ba, a saba suke, abin da ya sauka waya kwafi ne kawai kuma daga daƙiƙar da ya sauka ya fara tsufa. Kamar ruwan da aka ɗebo daga rijiya aka zuba a randa ne, yana hutar da kai zirga-zirga amma dole wani ya san yaushe aka zuba shi da yaushe za a sake. Ita localStorage ba ta san lokaci ba sam, abin da ka ba ta yau shi za ta miƙo maka bayan wata shida, ga shi wajen megabayit 5 kawai take ɗauka a yawancin burauza kuma lokacin da ake karanta ta shafin gaba ɗaya tsayawa yake yi yana jira. Don haka kafin ka taɓa kod, ka zauna da yayanka ku bi bayanan ɗaya bayan ɗaya kuna tambaya: wannan in ya tsufa da minti nawa zai jawo asara? Sunayen kaya da hotunansu ko sun kwana ba komai. Adadin da ya rage a sito, minti ɗaya ko biyu. Farashi kuma a kasuwar yanzu ai ka ga abin da ya faru da taliya.

Shawarata ka daina rubuta wannan da hannu cikin useEffect, ka ɗauko TanStack Query, kayan aikin da ke kula da ɗauko bayanai daga saba da ajiye kwafinsu, wanda a da ake kira React Query, na Tanner Linsley. Akwai SWR na kamfanin Vercel shi ma yana da kyau kuma ya fi ƙanƙanta, amma ga manhajar da ake yawan rubuta ciniki ni na fi natsuwa da na farkon. Yadda yake aiki, kowace buƙata kana ba ta suna a queryKey, in yaro ya dawo shafin kaya nan take zai nuna masa kwafin da ke ajiye ba juyawa, sannan a bayan fage ya tambayi saba, in an samu canji ya sauya. In ɓangarori uku na shafi suka nemi abu ɗaya a lokaci ɗaya sau ɗaya zai aika, in kira ya faɗi zai sake gwadawa har sau 3 yana ƙara tazara, in sabis ya ɗauke ya dawo zai sabunta da kansa. Lambobi biyu ne za ka riƙe kar ka haɗa su. staleTime shi ne tsawon lokacin da bayani yake sabo ba a sake tambayarsa, kuma in ba ka saita ba 0 ne, shi ya sa wasu ke kukan yana cin data. gcTime shi ne lokacin da kwafin da ba kowa ke kallonsa zai zauna kafin a zubar, asalinsa minti 5. Sai ka ba sunayen kaya awa ɗaya, farashi ka bar shi daƙiƙa 30 ko ƙasa.

Amma ga inda mutane da yawa ke zamewa. Za a ce maka bayan canja farashi ka kira invalidateQueries, umarnin da ke cewa kwafin ya tsufa a sake ɗaukowa, gaskiya ne ka kira, sai dai wannan wayar da aka yi canjin a kanta kaɗai yake tsabtacewa, wayar yaron shago ba ta ji labari ba. Za ka iya sa refetchInterval ta riƙa tambaya duk minti ɗaya, yana rage matsalar, amma maganin gaske shi ne kar ka yarda waya ta yanke kuɗi. In za a rubuta ciniki wayar ta aika lambar kaya da adadi da farashin da ta gani, saba ta duba da nata, in sun saɓa ta ƙi ta ce farashi ya koma kaza. Haƙƙin mutane ne a ciki, na yayanka da na mai saye, bai kamata ya rataya a kan kwafi ba. Ranar da babu sabis kwata-kwata kuma, ka ajiye kwafin a IndexedDB, babbar ma'ajiyar burauza, ka rubuta ɓaro-ɓaro a saman shafi "an sabunta ƙarfe 9:40", yaro ya san da abin da yake aiki ya buga wa maigida waya in kayan mai tsada ne.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ce ke kula da shafin wata makarantar kuɗi a Kaduna. Na gyara shafi na ɗora, a wayata komai ya fito amma iyaye suna ta kira wai tsohon suke gani, sai na ce su goge tarihin burauza. Haka zan yi ta yi?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, a'a ba haka za ki yi ta yi ba, iyaye ba aikinsu ba ne wannan. Buɗe shafin a Chrome na kwamfuta, danna F12, shiga Network, ki taɓa index.html ki duba abin da aka rubuta a Cache-Control, umarnin da saba ke ba burauza kan ajiye kwafi. Ina kyautata zaton za ki ga max-age, wato wa'adin ajiya a daƙiƙoƙi, mai tsawo, ko babu komai, wanda in babu burauza ke yin nata ƙiyasin. Tsarin da ya dace kashi biyu ne. Fayilolin JavaScript da CSS waɗanda kayan haɗa shafi irin su Vite ko webpack ke liƙa wa haruffa a suna, sunan yana canjawa duk sanda abin ciki ya canja, su ki ba su max-age=31536000, shekara guda kenan, ba matsala. Shi kuma index.html da ke nuna wane fayil za a ɗauko, ki ba shi no-cache. Wannan bai hana ajiyewa ba, cewa yake a tambayi saba tukuna kafin a yi amfani da na ajiye, in bai canja ba saba ta amsa da 304 ba tare da ta sake turo shi ba, datar da ta tafi ba ta taka kara ta karya ba. Mai hana ajiyewa gaba ɗaya shi ne no-store, shi za ki sa wa sakamakon jarabawar yara da rasit, musamman da yake wasu a shagon intanet suke dubawa. In akwai service worker a shafin, wato kod ɗin da ke aiki a bayan fage yana iya ajiye shafin a waya, ki sani sabon ba ya karɓar aiki sai an rufe duk shafukan da tsohon ke riƙe da su, in kuma shafinki na bi ta Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka a sabobinsa, ki share ajiyarsu bayan kin ɗora. Waɗanda suka riga suka ajiye tsohon index.html sai wa'adinsa ya ƙare ko su sabunta da kansu sau ɗaya, daga nan an wuce wurin.

TAMBAYA: Malam a akwatin bincike na, in na rubuta "shinkafa" wani lokaci sakamakon "shin" ne ke fitowa. Aljanu ne? Daga wani mai koyo a Maraɗi.

AMSA: Ba aljanu ba ne ƙanena, tsere ne. Kowane harafi da ka danna kira ɗaya ne ya tafi, kuma ba dole su dawo a jere ba, na "shin" ya makale a hanya ya iso a ƙarshe ya hau kan na "shinkafa". Ka sa manhajar ta jira kamar milisakan 300 bayan mutum ya daina rubutu kafin ta aika, sannan ka yi amfani da AbortController ka soke tsohon kira duk sanda sabo zai tafi. In TanStack Query kake amfani da shi, sa kalmar da ake nema cikin queryKey, ka miƙa wa fetch ɗinka, wato mai aika kiran, signal ɗin sokewa da yake ba ka, shi zai soke maka.