Amsar Anti ta Jos kan kayan da suka ɓace a manyan kantuna

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ya yara, ya sanyi? Mu nan Jos ya fara sauka. Auta, in na gama ki rubuta wa Baba abin da na ce, tunda ba ya jin murya sosai a waya.

To Amarya, na ji saƙonki. Kin ce kin zaga sufamaket na Gwarimpa da na Wuse a can Abuja, ba irin botar da kika saba, ba babban gwangwanin madara, kifin gwangwani sai wani iri da ba ki san shi ba, garin citta babu, accar leda da kike saya wa Mama saboda ciwon suga ita ma an ce ta yanke. Kika ƙare da cewa wai abinci ƙarewa yake yi a ƙasar nan? Ni na gane inda kika dosa. So kike ki ji ko kayan za su dawo ki ɗan yi haƙuri, ko kuwa in koma aiko miki daga nan kamar da. To kar ki jira su. Wasu ba za su dawo ba, wasu kuma in sun dawo ba da kuɗin da kika sani ba.

Ki raba kayan nan gida biyu, kin gane? Akwai waɗanda dala ce uwarsu da ubansu. Bota ta ainihi, cuku, sadin, konfilas na waje, har madarar. E, har madarar, kar ki ga an rubuta Legas a jikin gwangwani. Garin da suke zubawa a ciki yawancinsa daga waje ake shigo da shi, su Holan, su Niyuzilan. Kafin watan Yunin 2023 dala a banki tana wajen naira 460. Aka sake ta, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. To ke ce mai shigo da kwantena, kin sayar da kayanki tas, kin tattara kuɗin, kin je sayen dala, kin tarar ko rabin kwantenar ba za su cika miki ba. Za ki sake? Da yawa ba su sake ba. Ga tallafin mai da aka cire ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ya tashi daga ƙasa da 200 ya wuce 500 a 'yan kwanaki, daga baya ya haura 1,000. Kuma tun kafin wannan ma, a 2015, Babban Banki ya fitar da jerin kaya 41 da ya ce ba zai ba da dalar gwamnati a shigo da su ba, har da shinkafa da tumatirin gwangwani da kifin gwangwanin da kike nema. An ɗage dokar a Oktoban 2023, amma lokacin dalar ta riga ta yi fiffike. Shi ya sa za ki ga konfilas ɗin NASCO da ake yi nan Jos da masararmu yana zaune a kan kanta, na waje mai hoton zakara kuwa sai an dace.

Babban gwangwanin madara kuma ba wai an daina yi ba ne. Ba ya tafiya. Mutum nawa ne yau zai zare kuɗin gwangwani sukutum? Kowa ya koma na 'yar leda, a yaga a zuba a shayi ɗaya. Mai kanti ba zai binne jarinsa a kayan da zai yi wata biyu yana kallonsa ba. Kuma ki riƙa juya bayan gwangwanin kina karantawa, da yawansu an cire man shanun an zuba man itatuwa a madadinsa, suna dai madara.

Sai maganar firiji, wadda ba wanda ke kawo ta a lissafi. Bota da cuku da kifin sanyi, duk wuta suke ci dare da rana. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na waɗanda ke layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, kuma manyan kantunan nan da yawansu a layin suke. In an ɗauke, sai janareto da dizal. Kun tuna Oktoban 2024 da Arewa ta yi sama da mako a duhu? Nan Jos da idona na ga mai shago yana fito da kaji da yogot suna tsiyaya, yana rabar da na rabarwa yana zubar da na zubarwa. Wanda ya ga haka sau ɗaya, firiza huɗu zai mayar biyu. Ko Shoprite ta Kano ai an rufe ta a farkon 2024, balle ƙananan.

Yanzu bari in zo kan acca, don nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Acca ba ruwanta da dala. A ƙasarmu take fitowa, Bokkos, Mangu, Pankshin, Barikin Ladi, Riyom, har Bogoro da Tafawa Balewa ta ɓangaren Bauchi. To me ya hana ta zama a kanti? Ni zan faɗa muku, tunda ni na yi sana'ar nan.

Ke Amarya a leda kika san acca, fara tas. Ba ki ga wahalarta ba. Ƙwayar ba ta kai ta riɗi ba, da kaɗan ta fi yashi girma. A yanke ta da lauje, a tattake, a sheƙe, a kai turmi a surfa, a bakace, a sake surfawa. Sannan babban aikin, regewa. Mace ta zauna a kujera 'yar tsuguno da ƙwarya biyu da bahon ruwa, tana karkaɗa ƙwaryar a hankali, accar na gangarawa gefe, yashin na kwanciya a ƙasa. Ta juye, ta sake, ta juye, ta sake, har sai ta ɗebi kaɗan ta tauna ba ta ji ƙaras a haƙori ba. Yatsu duk su yi fari su yamutse, ga sanyin Jos. A shanya a kan zani mai tsabta, a sa yarinya ta tsare kaji da iska. In hadari ya taso a kwashe a guje, don in ta kwana da danshi ta yi tsami, an yi asara. Mata nake biya su yi mini wannan aikin, kuma a ranar nake sallamar su, don su ma da shi za su yi cefane.

Na sayi injin liƙe leda, na buga takardar manne da sunan sana'ata, na bi layin samun lambar NAFDAC har na samu, don an ce ba za a karɓi kaya ba sai da ita. Na kai wani babban kanti a nan Abujarku, ba zan kama suna ba, ba kuma wanda na ambata ɗazu ba ne. Aka karɓa da fara'a, aka ce Hajiya ƙa'idarmu sai an sayar ake biya. Na ce to. Kaya suka ƙare a kan kanta, da kaina na shiga na gani, wurin fayau. Na ce ina kuɗina? Aka ce manaja ya yi tafiya. Na dawo, aka ce akanta bai sa hannu ba. Na sake kira, aka ce takardata ta ɓace, in kawo wata. Wata da watanni ana gara ni, ina hawa mota ina gangara Hawan Kibo da addu'a a bakina, in bi Akwanga, in bi Keffi, in zo in zauna a benci bakin ofis kamar mai neman taimako, alhali haƙƙina nake bi. Ranar da kuɗin suka shigo, wallahi mudun acca a kasuwa ya kusa ninka yadda na saye shi. Uwar kuɗin ma ba ta dawo daidai ba, balle riba. Kuma wai har da cire kuɗin leda biyu da ɓera ya huda a sitonsu. A sitonsu fa! Ɓeransu, asarata. Wannan leda biyun har gobe ba ta bar raina ba, ba don kuɗin ba, don rainin.

Bayan nan suka bugo wai in ƙaro kaya, kwastomomi na tambaya. Na ce a kawo kuɗi hannu, a ɗauki kaya. Suka ce ba tsarinsu ba ne. Na ce ni ma bashi ba tsarina ba ne. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Masu zuma, masu garin kunun tsamiya, masu yajin daddawa, masu kuli, duk wadda na sani tana kai musu ta janye. Lokacin da farashi ke kwana wuri ɗaya, mutum zai iya jiran wata biyu. Yanzu wa zai iya? Mai acca ta kai kasuwar Katako ta nan Jos da safe, kafin azahar kuɗinta na ɗaure a bakin zani. Ga masu ciwon suga sun yi mata caa, ga masu saye buhu-buhu su kai Legas. To don me za ta ba da bashi? In yarinyar kantin ta ce miki ta yanke, ba a gona ta yanke ba, tsakaninsu da mai kawowa ne ta yanke.

A'a, tsaya, kar in yi rantsuwa a kan komai. Akwai abin da da gaske ya yi ƙaranci, kuma citta ce ta farko. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna, Kachia, Jaba, Kagarko, inda mafi yawan cittar ƙasar nan ke fitowa. Ganye ya yi rawaya, a tona a tarar ta ruɓe. Kuma ita citta da jikinta ake shuka ta, in ta ruɓe iri ma ya tafi, shi ya sa abin bai tsaya a shekara ɗaya ba. Wannan ko kasuwa kika shiga za ki ji a jikinki. Haka arish, wato dankalin Turawa. A 2022 cutar da ke ƙona ganye ta cinye gonaki a Bokkos da Mangu, sai ga rikicin 2023 a Mangu, ga hare-haren da aka kai a Bokkos a jajibirin Kirsimetin shekarar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, namu da nasu. Manomi da makiyayi duk wanda ya bar gidansa, tukunyarmu ce ke ragewa. Tumatir kuma kun san halinsa, in tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta sauka kamar yadda ta yi a 2016, ko in aka shiga tsakanin ƙarewar na rani da fitowar na damina, dole kwando ya yi tsada. Wannan kowace shekara ne, ba sabon abu ba.

Da a ce babbar kasuwar Taminus ta Jos na nan ma, da ba mu tsaya wannan dogon bayanin ba. Ku yara ba ku san ta ba. Rufaffiyar kasuwa, hawa-hawa, abin da duk kike nema yana ciki, daga Kamaru da Chadi ake zuwa sari. Ta ƙone a Fabrairun 2002, shagon mahaifinmu na ciki, yau shekara sama da ashirin 'yan kasuwa na bakin titi rana da ruwa na dukansu. In na fara wannan ba za mu tashi ba, a bar shi.

Yaya Babba, na ga abin da ka rubuta, wai duk 'yan kasuwa ne ke ɓoye kaya. Da girmanka, Yaya, ban yarda duka ba. Masara da wake da shinkafa, e, ana tarawa a sito a jira farashi, ba na musu, kuma waɗanda suka tara da yawa sun ji jiki da hatsi ya sauko. Amma wa zai ɓoye bota? Wa zai ɓoye tumatir ko yogot? Abin da ke lalacewa a kwana uku ba a ɓoye shi. Mai kanti ya fi kowa son kantarsa ta cika. In kun lura, yanzu sai su jera abu iri ɗaya, taliya ko ruwan roba, tun daga wannan bango har wancan, don kar ido ya ga rami.

Saboda haka Amarya, ki cire takalmin nan mai tsini ki shiga kasuwa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Motocin da ke tashi daga kasuwar Farin Gada ta nan Jos da daddare da kabeji da karas da koren wake da arish, ina kike tsammani suke sauke kaya? Kasuwar Orange da ke Mararraba. Can masu kantin naku ke zuwa da asuba su saya, su wanke, su naɗe a leda mai sheƙi, su manna farashi. Ki je da kanki da sassafe, ki haɗa kai da maƙwabtanki biyu ku raba buhu. Ranar Juma'a akwai kasuwar Gosa a hanyar filin jirgi. Kifi ki je kasuwar Kado. Bota kuwa, ki nemi man shanu wurin matan Fulani, ki soya shi da albasa ki zuba a kwalba, zai yi miki watanni ba firiji, kuma yaran za su saba.

Accar Mama kuma ki bar mini. Sabuwa ta fara shigowa, zan sa a rege mata mudu biyar, in haɗa da busasshiyar citta ki daka da kanki, ta fi ta kwalba ƙamshi nesa ba kusa ba. In ta iso ki juye ta a bokiti mai murfi, kar ki bar ta a buhu a ƙasan kicin. Kuma ki gaya wa mai yi mata girki ta daina cika mata faranti don an ce acca ce, likitanta ya ce awo ne, ita ma abinci ce. Sauran 'yan Abuja, duk mai so ya faɗi mudu nawa kafin daren Laraba, don direban Alhamis yake tashi, kuma a turo kuɗin mota tare da na kayan. Sai na ji ku.