Madara tana ɓata mini ciki: me ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da na sha shayi mai madara sai cikina ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da zawo, alhali kindirmo ba ya yi mini haka. Shin in sayi madarar da aka cire wa laktos, ko ƙwayoyin laktes, ko kuwa in biya kuɗin gwajin ƙwayoyin gado da nake ganin tallarsa? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Alamun da kika ambata sun yi kama da ƙarancin laktes, wato sinadarin da ke manne a bangon ƙaramin hanji, wanda aikinsa shi ne raba laktos, wato sukarin madara, gida biyu, gulukos da galaktos, domin jini ya iya ɗaukarsu. Idan ya yi ƙaranci, sukarin yakan wuce babban hanji yadda yake, ƙwayoyin bakteriya su ruɓar da shi, iska ta taru, ruwa kuma ya biyo baya.

Ƙwayar gadon da ke sa jiki ya ƙera wannan sinadari ana kiranta LCT, tana kan kuromosom na 2, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Jiki yakan fara ƙera laktes ɗin a matsayin doguwar sarƙa mai sassa huɗu, sannan ya datse biyun farko, ya bar na uku da na huɗu, kuma a na huɗun ne ake fasa sukarin madara. A wajen kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya, aikin LCT yana ja da baya bayan yaye, saboda haka abin da ke damunki ba cuta ba ce. A 2002 masu bincike a Finland suka gano wani ɗan sauyi a wata ƙwayar gado mai suna MCM6 da ke maƙwabtaka da LCT, wanda ke hana aikin LCT dusashewa, kuma an samu irinsa a tsakanin Fulani. Makiyayan Gabashin Afirka da Larabawa suna da nasu sauye-sauyen daban.

Wannan ne ya sa ba zan ba ki shawarar sayen gwajin ba, domin wasu gwaje-gwajen sauyin Turawa kaɗai suke dubawa, kuma ko sakamakon ya fito daidai, ba zai faɗa miki yawan madarar da cikinki zai iya ɗauka ba. Ki daina shan madara na mako biyu, sannan ki dawo da rabin kofi tare da abinci, ki lura. Kofi ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 12 na laktos, kuma da yawa daga masu wannan matsala suna jure hakan idan ba a cikin yunwa suka sha ba. Ki kula da madarar gari, domin cokali uku da aka tula suna ɗauke da laktos fiye da yadda ido ke gani.

Kindirmo ya fi miki sauƙi ne saboda bakteriyar da ta daskarar da shi ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin, man shanu kuwa kusan babu laktos a cikinsa. Madarar da aka cire wa laktos tana aiki, sai dai tana da tsada, kuma za ki ji ta fi zaƙi. Ƙwayoyin laktes a ganina na ranar biki ne ko tafiya, kuma da kurɓin farko ake shan su. Nonon akuya da na raƙumi su ma suna da laktos.

Idan kuwa akwai ƙuraje, kumburin leɓe, rama ko jini a bayan gida, ki ajiye maganar saye, ki je asibiti a duba ki.