Amsar tambayar Alhaji kan ƙwan enaji mai rage haske

Assalamu alaikum jama'ar gida. Alhaji barka da yamma, na ji saƙonka kan falon nan na Ƙofar Ƙaura, cewa kana son sa ƙwan enaji mai murɗe, wanda ake rage mashi haske, ko yana da ƙarko. To, yana aiki, amma sai an lallaɓa shi.

Ka ga gindin nan fari mai kauri? Akwai ƴan kayan lantarki a ciki, su ke tada hasken. In ƙwan na gama-gari ne, ba a rubuta a kwalinshi cewa ana rage shi ba, ka haɗa shi da makunnin rage haske, zai yi ta ƙyafta-ƙyafta yana ƙugi, gindin ya ɗau zafi har ka ji ƙaurin roba. Wannan don Allah kada a gwada, gobara ake gudu. Haka ma regileta ta fanka, ba aikinta ba ne.

Shi kuma na ainihin, wanda aka ƙera don a rage mashi haske, ba ya sauka can ƙasa kamar tsohon ƙwai mai zare. Da ya kai wajen kashi 20 cikin 100 sai ya fara rawa ko ya mutu gaba ɗaya. Kuma in za a kunna, a buɗe shi duka tukuna, a ba shi kamar minti ɗaya ya ɗumama, sannan a rage.

Maganar ƙarko fa, Alhaji, a kwali za ka ga awa 6,000 ko 10,000. Wannan lissafin wuta tsayayya ce. Mu nan a kawo a ɗauke, a koma janareta, wuta ta zo rabi-rabi, ga zafin watan Afrilu a Katsina. In kuma aka rufe shi cikin gilashin silin, zafin bai da mafita, gindin ke fara ƙonewa tun kwalbar na da sauran rai.

Sannan akwai zaiba a cikinshi, ƴar kaɗan ce amma guba ce. In ya fashe a fitar da yara, a buɗe tagogi, a kwashe da kwali, banda tsintsiya. Saboda ita ne ma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, wato yarjejeniyar duniya ta rage amfani da zaiba, suka amince a 2022 a daina ƙera irinshi bayan 2025.

Ni dai shawarata, a sayi LED mai rage haske da makunnin da ya dace da shi. In ka shirya gobe bayan la'asar sai in zo in duba wayarin.