Ga mai tambaya kan shafin zanen da ke kumbura

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina haɗa fenti da liƙe-liƙe da rubutu a shafi ɗaya na littafin zanenki, amma takardar sai ta kumbura, launuka su cakuɗe su koma kamar laka, har kina tunanin aikawa Legas a sayo miki kaya. Riƙe kuɗinki tukuna. Na daɗe ina wannan aikin a nan Sakkwato, kuma abin da ya fi ɓata shafi shi ne rashin sanin abin da ake fara sawa da wanda ake ƙarewa da shi.

Takardar fotokwafi giram 80 ce a kowace murabba'in mita, ba ta jure ruwa. Nemi mai giram 200 zuwa 300, in babu ki yanka farin kwalin nan na 'yan makaranta. Kafin komai ki yi mata shimfiɗa: cokali biyu na farin fentin gida na ruwa, cokali ɗaya na farin gam Top Bond, ɗaya na garin alli, ki dama ki shafe da tsohon katin banki. Ki shafa bayan takardar ma, don gefe ɗaya jiƙe ɗaya bushe shi ke sa ta nannaɗewa.

Sai liƙe-liƙe, tun kafin launi. Ƙyallayen atamfa suna nan zube ƙarƙashin keken kowane tela. Ni dai na fi son gutsattsarin jar fata na wurin dukawa, fatar jar akuyar nan tamu da fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Zaɓi mara kauri, in ba haka ba littafin ba zai rufu ba. Kada ki yi gam da fulawa ko sitaci, kyankyasai za su cinye miki aiki. In kuma za ki yagi jarida ko tsohuwar kalanda, duba gaba da baya, kada ki liƙa aya ko sunan Allah ki bi da fenti a kai.

Batun launi, uku sun isa shafi ɗaya. Ja da kore in suka haɗu suna ɗanye, ruwan ƙasa za su ba ki, haka shuɗi da ruwan lemo. Bari ɗaya ya bushe kafin ɗaya ya hau, kuma a garin nan wannan ba dogon jira ba ne. Da hunturu ma akirilik, wato fentin roba na masu zane, kan daskare a bakin buroshi kina cikin aiki, shi ya sa nake shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, in ɗora takarda, in matsa fentin a kanta. Ruwan shayi mai kauri, lalle da daddakakken goro suna ba da launin tsohuwar takarda mai kyau. Soɓorodo kuwa abin wasa ne mai daɗi: ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, ɗiga ruwan kanwa ya juye shuɗi-shuɗi ko kore. Sai dai yana koɗewa, kada ki ɗora zuciyar shafinki a kansa.

Yanzu ga inda nake zargin kika samu matsala. Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuma ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake iya wanke allo. Fentin ruwa na 'yan makaranta ma haka yake. Akirilik kuwa da zarar ya bushe ruwa ba ya motsa shi. Don haka duk abin da ruwa ke narkarwa shi ne na ƙarshe. In kika yi rubutu da tawada sannan kika bi da gam ko fenti, baƙin zai bi ko'ina. Alƙalamin kara ya fi biro tafiya a kan shimfiɗar alli, biro toshewa yake yi. In kina neman fasalin gefen shafi, kalli zayyanar allon sauka, ko ki leƙa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ki ga yadda magabata suka ƙawata littafi da baƙar tawada da ja.

Daga Afrilu zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, shafuka biyu masu akirilik sai su manne da juna, ki buɗe su yage. Goga farin kyandir a hankali bayan komai ya bushe, ki sa farar takarda a tsakani, ki danne littafin da abu mai nauyi ya kwana.

Shafin da ya lalacen nan kada ki yage shi. Bi shi da shimfiɗar fari sama-sama, ki bar wasu wurare suna leƙowa, ki ci gaba daga nan. Turo mana hotonsa mu gani.